Saƙon da Gizo Ya Ce Bai Iso Ba

Ga ta nan ta iso ƙofarku. Kowa ya gyara zama ya karɓa, wanda ya karɓa kuma ya ce ta iso.

Kullum sai a ji yaro da babba suna cewa "yanar gizo, yanar gizo," kamar Gizo ne ya saƙa ta. Wannan kuskure ne, zalunci ne kuma, kuma ya kamata a gyara shi. Gizo bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar gero ya kai wa wani ba. Ga yadda sunansa ya hau kan aikin da bai yi ba.

A wani daji mai faɗi gidajen namun daji sun yi wa juna nisa. In Damisa tana son gaida Kura, sai ta yi tattaki ta dawo da faso a ƙafa. Ganin haka tururuwa suka ɗauki aikin kai saƙo. Suka ba kowane gida lamba, suka share hanyoyi daga rami zuwa kogo, suka zaunar da Kunkuru a mararraba yana nuna musu inda za su bi.

Wata rana da rani Gizo yana kwance a bakin hanya, yunwa ta mai da ƙafafunsa takwas kamar tsinken tsintsiya, sai ga jerin tururuwa, kowace da ɗan gutsuren kilishi a ka. Ya miƙa ƙafa ɗaya ya fizge na ta tsakiya, ya jefa a baki, ya lafe yana jiran a yi kururuwa. Jerin ya wuce abinsa. Can an jima sai ga wata tururuwa ita kaɗai, ɗauke da gutsure irin wancan sak, har da ɗan barkonon da ke gefensa.

Gizo ya bi ta a sukwane har mararraba.

"Baba Kunkuru, sannu da aiki."

"Yawwa. In abinci ne, babu."

"Haba Baba, ilimi na zo nema. Me ya sa kayan nan suke tafiya a gutsuttsure?"

Kunkuru ya dubi bayan wata tururuwa, ya miƙa wuya hagu, ta bi hagu. Sannan ya ce, "Kaya ba ya tafiya a dunƙule. Mai aikawa yakan gutsuttsura shi. Kowane gutsure a shafa masa lambar gidan da za shi, da lambar gidan da ya fito, da matsayinsa a jeri: na ɗaya, na biyu, na uku. Wani ya bi ta rafi, wani ta gindin dutse, duk inda hanya ta fi sauƙi a lokacin. In sun isa a jera su, kaya ya koma yadda yake."

"Kai kuma fa?"

"Ni lamba nake dubawa in nuna hanya. Ban taɓa buɗe kayan kowa ba."

"To, a ce gutsure ɗaya ya ɓace. A ce iska ta ɗauke shi."

Kunkuru ya dubi maiƙon da ke gefen bakin Gizo. "Iska mai ƙafa takwas?"

"Misali na ce, Baba."

"Duk gutsuren da ya isa, mai karɓa zai aiko da amsa cewa ya iso. In mai aikawa ya jira bai ji wannan amsa ba, sai ya sake aiko da irinsa."

"In har yanzu bai ji ba?"

"Ya sake."

"Har yaushe?"

"Har ya gaji. Wani yakan gaji da wuri, wani kuwa taurin kai gare shi. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya sai ya ba Zakara saƙonsa, ya hau juji ya yi shela. Wanda ya ji ya ji, wanda bai ji ba ba a maimaita masa."

A lura a nan, domin abin da ke tafiya cikin wayoyinku ke nan. Lambar gida ita ce masu kwamfuta ke kira adireshin IP. Gutsuren kaya shi ne fakiti. Mai zama a mararraba yana duba lamba shi ne rawuta. Ƙa'idar jiran amsa da sake aikawa ita ce TCP, shelar Zakara kuma UDP. A riƙe su, kada a haɗa wannan da wancan.

Shi Gizo abu ɗaya ya riƙe: wanda bai ce ya iso ba, ana ƙara masa. Ya tafi wurin Uwar Tururuwa ya nemi lamba, aka ba kogon kukarsa lamba tara. Ta koya masa gaisuwar da ake yi kafin kaya ya motsa. Mai aikawa ya turo sallama. Mai karɓa ya amsa, ya ce a shirye yake. Mai aikawa ya ce ya ji, ga kaya nan tafe. Uku ce, ba biyu ba. In ta cika uku ƙofa ta buɗe ke nan.

Gizo ya koma gida yana taka rawa da ƙafa shida, yana kaɗa ciki da biyu. "Ni ne Gizo na kogon kuka, ƙafa takwas, ciki tara. In ci na mai ƙarfi, ya bi ni da ban haƙuri."

Da gari ya waye ya shafe jikinsa da toka, ya ɗaure ƙafa uku da ganye, ya ja jiki zuwa gidan Damisa, wadda ta shanya kilishi faifai-faifai a tsakar gida.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Ciwo ya ci ni. Mai magani ya ce sai na lasa kilishin mafarauciya, in ba haka ba a fara haƙa mini rami."

Damisa ta yatsine fuska. Ta yago ɗan yanki ta ce, "Ungo, ka ɓace mini da gani."

"Ina ƙarfin ɗauka, ranki ya daɗe? Ki aiko mini ta tururuwa. Lambata tara."

Ita Damisa tana da abin alfahari guda: ba a taɓa cewa saƙonta ya salwanta ba. Aka yi gaisuwa uku, yankin kilishi ya iso, Gizo ya lamushe, ya yi shiru. Damisa ta jira, ta sake aikowa. Ya lamushe, ya yi shiru. A karo na gaba ta haɗa da tambaya: "Wai ya iso kuwa?"

Gizo ya share baki ya ce wa tururuwar, "Ki ce mata bai iso ba. Ki ce muryata ma da ƙyar take fita."

"Da ƙyar kam," in ji tururuwar, "tunda bakinka cike yake."

"Aikinki kai saƙo ne ko duba bakin mutane?"

Tururuwa ba ta ƙara wa saƙo, ba ta rage masa. Ta kai yadda aka ba ta. Damisa ta fusata, ta zagi hanya, ta aika wa Kunkuru da baƙar magana, ta ci gaba da aikowa. Faifai ya ƙare ta jawo wani. Ba ta daina ba sai da ta duba tsakar gida ta ga ƙuda kaɗai ya rage. Sannan ta yanke magana da lamba tara, ta kwana da yunwa. Gizo kuwa sai da ya kwance ganyen ƙafafunsa ya ɗaure ciki da shi don kada ya fashe.

Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa Kura ta haihu, haihuwar fari. Gizo ya zauna yana lissafa abin da ake kai wa maijego: ƙauri, gasasshen nama, yaji, kunun kanwa. Yawu ya cika masa baki. Sai dai wa zai aika wa lamba tara da kayan jego?

A nan Aku ya shigo. Namun daji ba sa iya riƙe lambobin juna, tururuwa kuma ba su san suna ba, lamba kawai suka sani. Saboda haka aka ajiye Aku a kan tsamiya, ya haddace kowane suna da lambarsa. Ka ce masa "Kura," ya ba ka lambar gidanta, sannan tururuwa su ɗauka. Aikinsa shi ne abin da ake kira DNS. Aku yana da hadda, amma ba ya bincike. Abin da aka gaya masa shi yake maimaitawa.

Da gari ya waye Gizo ya ɗaura zanen ganyen gamji, ya ɓoye ƙafa huɗu a ciki, ya kafa ɗankwali, ya cika kumatu da goro, ya dogara sanda zuwa gindin tsamiya.

"Malam Aku, kana lafiya? Ni ce Gwaggo Tambai, ungozomar Kura."

"Barka da arziki, Gwaggo. Me aka samu?"

"'Yan uku, duk da dariyarsu suka faɗo. To, ka san haihuwar fari. Ta tafi wankan gida wurin iyayenta. Duk mai neman Kura yanzu, lamba tara."

Aku ya karkata kai. "Tara? Ai tara kogon kuka ce."

"Can iyayen suka koma. Inuwa ta fi."

"Kura a kogon kuka? Za ta shiga kuwa?"

"Ɗan nan, ni na karɓi haihuwar ko kai? Ta rame."

Aku ya ji kunya. Ya ce, "To, har yaushe zan riƙe wannan lamba?" Domin ƙa'ida ce, kowace lamba da aka ba shi tana da wa'adi, in ya cika sai ya sake tambaya.

"Har a yi arba'in," in ji Gizo. "Kuma ka ji da kyau. Maƙiya sun yi wa yarinyar nan yawa. Duk wanda ya zo kafin nan ya ce ka canja, kada ka saurare shi. Ko ni ce na dawo da kaina."

"Ko ke ce," in ji Aku. "Kura tara, Kura tara, har arba'in."

Tun kafin azahar sallama ta fara sauka a kogon kuka. Gizo ya zura kai cikin tulu don murya ta yi kauri, ya amsa, ya ƙara da dariyar Kura. Tukunyar ƙauri ta zo daga Damisa a gutsure-gutsure, ya jera ta a cikinsa. Balangu ya zo daga Zaki, yaji daga Dila. Bauna ta aiko da kunun kanwa, ya shanye, cikinsa ya yi ta ƙugi kamar hadarin gabas, bai fasa ba. Ko ga ɗaya bai ce ya iso ba, saboda haka kowa ya sake aikowa.

"Ni ne maijegon da ba ta haihu ba," yake cewa yana suɗe ƙashi. "Kura ta yi naƙuda, Gizo ya sha romo. A kawo na gaba."

Abin da bai sani ba shi ne yunwa ta fito da Kura daga ɗaki. Ta ɗaure ciki da zane ta nufi gidan Damisa, ido jawur.

"Ƙawa, haka ake yi? In haihu, ko ƙashi ba ki aiko mini ba?"

Damisa ta miƙe. "Ni za ki gaya wa haka? Tukunya nawa na aika? Kin amsa sallama, kin yi mini dariya, amma ko sau ɗaya ba ki ce ya iso ba." Sai ta tsaya. "Wannan rashin cewa ya iso, na taɓa gamuwa da shi."

Suka je wurin Aku. Kura ta ce, "Ina gidan Kura?"

"Tara."

"Ga ni a gabanka."

"Ina ganinki. Amma ungozomarki ta ce tara, har arba'in."

Suka je mararraba, Kunkuru ya nuna musu da wuya inda kayan lamba tara suke bi, mararraba ta gaba ma ta nuna, har suka hango kogon kuka da tarin ƙasusuwa a ƙofa. Kura ta yunƙura za ta afka, ta ga ko hancinta ba zai shiga ramin ba. Ta zauna tana huci.

Kunkuru da ya biyo su a hankali ya ce, "Abin da ba ya shiga a dunƙule, ai yana shiga a gutsure."

Kura ta dube shi. Sannan ta yi dariya, ta gaske wannan karon. Ta aika aka kirawo cinnaku, 'yan uwan tururuwa masu ɗaukar kaya mai zafi. Ta buɗe baki ta gutsuttsura cizonta, ta ɗora wa kowane cinnaka gutsure guda, da lamba da matsayi, yadda ƙa'ida ta ce.

Da gari ya waye sallama ta iso kogon kuka. "Akwai saƙo ga maijego, mai zafi ne, yanzu aka sauke."

Gizo ya zura kai a tulu. "Wa alaikumus salam. A shirye nake, a shigo da shi tun bai huce ba."

"An ji. Ga shi nan tafe."

Gaisuwa ta cika uku. Gizo ya cire kai daga tulu, ya baje ƙafafu, ya rufe ido, ya hangame baki. Cinnaka na farko ya shigo ya ce, "Gutsure na ɗaya, daga Kura," ya sauke masa a leɓe.

Gizo ya yi tsalle ya bugi rufin kogo. Kafin ya sauko na biyu ya sauke nasa a ciki, na uku a bayan wuya, na huɗu a wurin da ake zama.

"Ya iso!" in ji Gizo. "Wallahi ya iso!"

"Wannan shela ce," in ji cinnakan, "irin ta Zakara. Mu ba mu da hurumi a kanta. Aika amsa ta hanya."

To, lambar gidan Kura ta gaskiya tana nan shafe a bayan kowane cinnaka. Da ya duba da ya huta. Amma Gizo bai taɓa aika amsar cewa ya iso ba tun da aka ba shi lamba, bai san inda ake dubawa ba, kuma mai shan cizo ba ya tsayawa karatu. Ya cafko wata tururuwa da ke wucewa ya ce, "Maza ki kai wa Kura, ki ce ya iso, duka ya iso, har ya yi yawa."

Tururuwa ba ta san suna ba. Ta je gindin tsamiya ta tambayi Aku, Aku ya ce tara. Ta je mararraba, Kunkuru ya duba lamba ya miƙa wuya. Ba a jima ba ta yi sallama a ƙofar kogon kuka.

"Saƙo ga Kura. An ce ya iso."

"Na san ya iso, a jikina yake. Kura za ki gaya wa."

"Nan ne Kura," in ji tururuwar, ta juya abinta.

A can gida Kura ta jira amsa, ba ta ji ba. Ta ce wa Damisa, "Kin gani, ƙawa, hanyar nan ba ta da kyau. Bai iso ba." Ta sake gutsuttsurawa. Ita kuwa Kura tana cikin masu taurin kan da Kunkuru ya ambata.

Gizo ya fito da gudu, cinnaku na biye da shi a jere, ba mai tsallake wani. Ya fizgo zanen gamji ya ɗaura a karkace, ƙafa shida a waje, leɓe ya kumbura kamar gwanda, ya isa gindin tsamiya.

"Malam Aku, ni ce Gwaggo Tambai. Maijego ta koma ɗakinta. Mai da mata lambarta."

Aku ya leƙo. "Gwaggo, kin ƙara ƙafafu."

"Tsufa ne. Canja lambar."

"An yi arba'in?"

"An yi a zuci."

"Ke kika ce ko ke ce kika dawo da kanki. Kura tara, Kura tara, har arba'in."

Gutsure na bakwai ya iso daidai nan, ya ga an riga an sauke na takwas, ya nemi gurbinsa tsakanin na shida da na takwas ya sauke, domin kaya ya koma yadda yake.

Gizo ya yar da zane. Ya gane cewa muddin yana da lamba, kaya zai same shi. Ya bar kogon kuka da tulu da ƙasusuwa, ya bar dajin gaba ɗaya, ya shiga gari, ya haye can ƙuryar rufin ɗakin mutane inda babu lamba babu mararraba. Cinnaku suka tsaya a ƙofar kogo, suka yi sallama ba a amsa ba, suka koma da sauran kaya. Aka yi arba'in, Aku ya sake tambaya, Kura ta sami lambarta. Ƙaurin da aka cinye dai bai dawo ba.

Shi kuwa Gizo, da kumburi ya ɗan saɓe, ya saƙa 'yar yanarsa a ƙurya, zare nan zare can, yana kwaikwayon hanyoyin tururuwa. Ƙadangare ya leƙo ya tambaye shi me ya sami fuskarsa.

"Ƙiba ce," in ji Gizo. "Ka san duk saƙon dajin can ta gidana yake bi. Zaki, Damisa, Bauna, kowa lambata yake nema. Aiki ya yi mini yawa na bar wa yara. Ga taswirar nan ma ina saƙawa, ni na tsara abin tun farko."

Ƙadangare ya gyaɗa kai, kamar yadda yake gyaɗa wa kowace magana. Mutanen gidan suka ga ya gyaɗa, suka ɗauka shaida ce. Daga nan sunan ya bi gari, har ya hau kan wayoyi da kwamfutoci.

Saboda haka tururuwa na bin mu bashin suna. Su suka share hanya, su suka ɗauki kaya, su aka zaga a kan kilishin da ba su ci ba. A mai da musu haƙƙinsu, a ce yanar tururuwa. An sha aika wa Gizo wannan ƙorafi har ƙuryar rufi, da sallama da komai, kuma kullum amsarsa guda ce: bai iso ba.

Ƙurunƙus. Ba a kan ɓera ba, shi bai ci ƙaurin kowa ba. A kan mai ƙafa takwas.